Masrahiyya, dirama ko wasan kwaikwayo: wanne za mu rubuta a takardar sanarwa?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Samarin unguwarmu suna shirya wasa bayan Sallah a filin makaranta, a kan tsaftar ruwan sha da cutar amai da gudawa. Labari ya kammala, kowa ya san wanda zai fito a matsayinsa. Inda aka tsaya shi ne sunan abin a takardar sanarwa. Mu nan Sudan kowa masrahiyya ta Larabci yake cewa, ko da Hausa yake magana. Masu kallon finafinan Kano sun ce a sa dirama. Wani ya ce wasan kwaikwayo, aka ce masa ai wannan na rediyo ne. To wace kalma ce daidai ga wanda ake yi a gaban jama'a, ido da ido? Daga ina ta samo asali? Sannan fasl da mashhad, sunayen sassan wasa da Larabci, me ake ce musu da Hausa? Muna so mu rubuta wasan kansa da Hausa ne. Allah ya saka da alheri.

Ustaz na Wad Madani:

Wa alaikumus salam ɗana. Ku rubuta wasan kwaikwayo. Wanda ya ce na rediyo ne bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Wasan kwaikwayo shi ne babban suna, ya rufe na rediyo, na talabijin, na littafi da wanda ake yi a gaban jama'a. In ana so a ware naku, sai a ƙara masa jela: wasan kwaikwayo na dandamali, ko a taƙaice wasan dandamali. Dandamali shi ne wurin da aka ɗaga sama da ƙasa don a hau, abin da kuke kira khashaba. Kada a haɗa shi da dandali, wanda fili ne buɗaɗɗe irin na ƙofar fada, kalmar da Hausa ta aro daga harshen Barebari. Dandamalinku a cikin dandali za ku kafa shi.

Wasan kwaikwayo kalma biyu ne a haɗe. Wasa dai kun san faɗinsa: na yara wasa ne, ƙwallo wasa ne ake yi, makaɗi in ya je biki an ce ya yi wasa, tsakanin taubasai ko tsakanin Fulani da Barebari ma wasa ne. Saboda haka in kuka rubuta "akwai wasa ranar Juma'a" kawai, wani da takalmin ƙwallo zai zo. Kwaikwayo ne yake tsare ma'anar. Daga aikatau kwaikwaya yake, wato mutum ya ɗauki murya ko tafiya ko halin wani ya yi irinsa. Ku lura da yadda yake juyawa: ya kwaikwayi liman, ya kwaikwaye shi, wanda ya kwaikwaya. Daidai da koya: ya koyi karatu, ya koye shi, abin da ya koya. Wannan ba haɗuwa ba ce ta banza. Kwaikwaya ninkin koya ne, kamar yadda ake ninka tambaya a ce tantambaya. Shi kuwa sautin "ko" na koya da ya koma "kwa", Hausa ta saba da haka in gaɓa ta rufe: kore jam'insa kwarra, goro jam'insa gwarra.

Sai dai 'yan'uwan nan biyu sun rabu wajen amfani. Koyi na girmamawa ne, a ce a yi koyi da magabata, a yi koyi da malami. Kwaikwayo kuwa yana iya zama da ba'a a ciki. In aka ce yaro yana kwaikwayon malaminsa, ba a san ko yabo ba ne ko ƙara aka kawo.

Abu biyu na nahawu da za su shafi takardarku. Na ɗaya, wasa namiji ne a daidaitacciyar Hausa duk da ya ƙare da a, shi ya sa ake cewa wasan, ba wasar ba. Za ku ji wasar kwaikwayo a bakin wasu mutanen yamma da na Nijar, karin harshensu ne, ba kuskure ba ne a baki, amma a rubuce ku tsaya kan wasan. Na biyu, jam'i a kan wasa yake faɗawa: wasannin kwaikwayo. Mai yi kuma ɗan wasa, 'yar wasa, 'yan wasa.

Fasl shi ne kashi, mashhad shi ne fitowa. A littattafan wasa za ka ga "Kashi na ɗaya, Fitowa ta ɗaya". Wasu marubutan shiga suke sa wa maimakon fitowa. Ku zaɓi ɗaya ku riƙe har ƙarshe.

A rubuce abin bai tsufa sosai ba. A shekarun 1930 Rupert East na ofishin talifi a Zariya ya fitar da wasanni shida na Hausa don makarantu. A 1949 Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa, kuma ku duba, a sunan littafin wasa kaɗai ya sa. Bayansa Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu a 1959. Makaranta da rediyo su suka zaunar da sunan wasan kwaikwayo har ya zama kowa ya san shi a ƙasar Hausa.

Dirama kuwa ararriya ce daga Turanci, Turanci ya samo daga Girkanci, inda asalinta aiki ko abin da aka aikata. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe irin d da r a jere, sai ta cusa i, kamar yadda ta yi wa direba. Ba na ba ku shawarar ta a takarda. A bakin mutane ta riga ta ɗauki wata ma'ana: in aka ce an yi dirama a kotu, hayaniya da abin mamaki ake nufi. Kalma ɗaya kuma da za ku guje wa gaba ɗaya ita ce tiyata. Daga sunan gidan wasa na Turanci ta fito, amma ta ƙofar asibiti ta shigo Hausa, ma'anarta fiɗa. A Nijar ne suka aro ta Faransanci suna cewa teyatur, can kam wasa ake nufi.

Malama daga Kasala:

Ustaz ya gama da ɓangaren Hausa, Allah ya ƙara ilimi. Bari in taɓa na Larabci, don ƙanina ya san abin da yake ajiyewa in ya ajiye masrahiyya.

Masrah sunan wuri ne, a ma'aunin maktab da mal'ab. Tushensa saraha, wato dabba ta fita kiwo ta sake. Masrah a tsohon Larabci makiyaya ce, wurin da ake sakin dabbobi, daga baya aka ba wa wurin da 'yan wasa suke kai da kawo. Masrahiyya kuma abin da aka danganta wa wannan wuri. Ke nan kalmar Larabci wuri ta kalla, ta Hausa kuwa aikin ta kalla. Shi ya sa masrahiyya ba ta bukatar jela, da an faɗe ta an san a kan dandamali ne, ita kuwa ta Hausa sai an ƙara mata.

Wadda ta yi daidai da kwaikwayo a Larabci ita ce tamsil, daga tushe ɗaya da misali da muke faɗa a Hausa. Daga nan mumassil, ɗan wasa, da tamsiliyya. A yadda ake amfani da su a nan Sudan, tamsiliyya ta fi tafiya ga wasan rediyo ko talabijin mai zama ɗaya, musalsal shi ne mai ci gaba kashi-kashi, masrahiyya ta dandamali. Ina jin daga wannan rabon ne ɗan'uwanku ya ɗauka wasan kwaikwayo na rediyo ne kaɗai: ya fassara shi da tamsiliyya, sai ya ɗora masa iyakarta.

Su ma Larabawa ba dare ɗaya suka zauna kan masrahiyya ba. Lokacin da Marun Naƙƙash ya fara irin wannan wasa a gidansa a Beirut a ƙarshen shekarun 1840, da shekaru masu yawa bayansa, riwaya ake ce wa wasan, wurin kuma marsah ko tiyatro. A nan gida, Khalid Abu Rus da Ibrahim Abbadi sun rubuta wasanni a waƙe da Larabcin Sudan a shekarun 1930, na farko kan labarin soyayya na Tajuj, na biyu kan Mak Nimir, sarkin Shendi. An buɗe Masrahul Ƙaumi, wato gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, a Umdurman a 1959, aka kafa makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a 1969, wadda yanzu kwaleji ce a Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Sunan kwalejin da Larabci ma yana ɗauke da dirama, don haka wannan kalma ta hanya biyu take zuwar mana, ta Kano da ta Khartum.

Ni ban ga laifin masrahiyya a hira ba. Hausa cike take da Larabci, kuma kalmar ta zauna daram, tana ɗaukar r ta mata: masrahiyyar jiya, masrahiyyarmu. Matsalar ita ce Bahaushen Kano ko na Maraɗi ba zai gane ta ba in bidiyon ya kai gare shi.

Tsohon ɗan wasa, Umdurman:

Malamai sun ba ka suna, ni bari in ba ka abin da sunan zai hau kai, domin kalmomin nan a wurin aiki ake gane bambancinsu.

Fitowa tana canzawa ne in wuri ya canza ko lokaci ya canza. Daga tsakar gida an koma bakin famfo, sabuwar fitowa. Ana nan tsakar gidan amma gari ya waye, sabuwar fitowa. Don mutum ɗaya ya shigo ko ya fita ba a sake lamba. Kashi kuwa sai labari ya juya. A wasa irin naku kashi uku ya isa: na ɗaya a ga gidan da yadda suke da ruwansu, na biyu ciwo ya shigo a yi ta gardamar dalili, na uku a gane a gyara. Kowane kashi fitowa biyu ko uku, duka kada su wuce takwas. Tsawon wasa minti 35 zuwa 45. In ya haura haka a fili buɗaɗɗe, yara za su fara guje-guje, mata su fara tashi.

Yadda ake rubutawa: sunan mai magana a farkon layi, ɗigo biyu, sai maganarsa. Abin da zai aikata, kamar ya tashi, ya leƙa randa, ya yi tsaki, a sa shi cikin baka don kada ya haddace shi a matsayin magana. A saman kowace fitowa a rubuta wuri, lokaci da waɗanda suke ciki. Shafi ɗaya da aka buga yakan ci kusan minti biyu, to ku nufi shafi 20 zuwa 22, amma ku karanta da murya kuna duba agogo, shi ne ma'auni na gaskiya. Kada maganar mutum ɗaya ta wuce layi huɗu ko biyar ba a katse shi ba. Nan ne wasannin faɗakarwa suke mutuwa: likita ya fito ya tsaya yana lacca. Abin da likita zai faɗa a minti uku, uwa ta nuna shi a rabin minti in ta hana yaro tsoma kofin da ya sha a cikin randa, ta miƙa masa moɗa mai mariƙi. Adadin gishiri da sukari na ruwan da ake ba mai gudawa kuwa ku karɓo daga ma'aikacin lafiya, a faɗe shi daidai, a maimaita sau biyu.

'Yan wasa shida zuwa takwas. Mai ba da umarni, wato mukhrij, mutum ɗaya ne, kuma ya fi kyau kada ya fito a wasan. Sai mai tuni, mulaƙƙin, yana zaune bayan labule da takarda. Burofa, wato gwaji, ku yi kamar sau 12 cikin mako huɗu: uku na farko a zaune ana karatu, na tsakiya a tsaye ana sanin wurin tsayawa da ƙofar shiga, biyu na ƙarshe da sutura da kaya da lasifika, a filin da za a yi, a lokacin da za a yi.

Dandamali: faɗi mita 6, zurfi mita 4. In 'yan kallo a kan tabarma za su zauna, tsayinsa santimita 40 zuwa 50 ya isa, in ya fi haka na gaba wuyansu zai gaji. In kujeru ne, 60 zuwa 80. In bencinan makaranta za ku jera, ku ɗaure ƙafafunsu da igiya biyu-biyu, ku shimfiɗa katako, ku rufe da darduma ko buhuna. Katako tsirara yana amsa taku, sai ƙarar ƙafa ta danne magana. Ƙasar Gadarif kuma baƙar laka ce, in da damina ne ƙafar benci nutsewa take, sai an sa bulo ko guntun katako a ƙarƙashi. Labulen baya ya zama mai duhu, a naɗe ƙasansa da sanda ko a ɗaura duwatsu saboda iska, a bar ƙofa dama da hagu. Labulen gaba ba dole ba ne. Kaya kaɗan: angareb, wato gadon katako da igiya, guda ɗaya, randa, kujera 'yar tsugune biyu. Sauya kaya tsakanin fitowa da fitowa kada ya kai minti ɗaya, a cike gurbin da kiɗa ko waƙa.

In bayan La'asar ne, rana ta kasance a bayan 'yan kallo tana haska fuskar 'yan wasa, kuma ku lissafa ku gama kafin kiran Magariba. In bayan Isha'i ne, fitila biyu a gaba, dama da hagu, a sama da kai suna kallon ƙasa. Fitila a bayan ɗan wasa inuwa take mai da shi. Janareta a kai shi nesa, bayan gini. Lasifika kuma a gaban layin makirufo ake ajiye ta tana fuskantar jama'a. In tana baya, sautin da ta fitar yana komawa cikin makirufo, shi ne wannan ƙugin mai huda kunne.

Kuskure uku da sababbi ba sa tsallakewa: juya wa jama'a baya, yin magana a kan dariya maimakon a jira ta lafa, da kallon mai tuni in an manta.

Na Maiurno:

Gafarta Ustaz, ina da ƙari, da ɗan ja kaɗan. Wasan dandamali Hausar aji ce, ta ɗalibai da masu rubuta jarrabawa. Su masu yin abin a Kano wasan daɓe suke cewa. Daɓe shi ne ƙasan ɗaki ko fili da aka buge ya yi tauri. Tsofaffin 'yan fim in ana hira da su za ka ji suna cewa daga wasan daɓe suka fara, kuma haka ne: ƙungiyar Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa farkon finafinan bidiyo na Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin kyamara. In yaran nan a ƙasa za su yi, ba benci ba katako, daɓe ma ya fi dacewa da su.

Batun asali kuma, kada a tsaya kan littafi. Sunan ne sabo, aikin tsoho ne, sai dai kowane iri da nasa sunan. Tashe, daga goma ga watan azumi: yaro ya manna auduga a haɓa ya ɗauki sanda ya zama tsoho, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji. Wasan gauta a gidan sarauta, inda matan fada suke shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. Kalankuwa bayan girbi, samari su naɗa nasu sarki da alƙali. Wasan kara a Damagaram. 'Yan kama da suke kwaikwayon malamai da mawaƙa suna juya komai ya koma zancen tuwo. Ba wanda ya bukaci suna ɗaya da zai tara su sai da boko ya zo.

Wannan ne ma dalilin da kalmar ta yi mana baƙunci. Da yawa daga kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma a kan hanyar hajji suka zauna. Sun taho da wasa, sun taho da kwaikwayo, amma haɗin biyun a matsayin sunan fanni a bayansu ya yaɗu. Da jikokinsu suka ga abin a makarantar Sudan, da sunan Larabci suka gan shi.

Gargaɗi ɗaya ga samari, tunda Ustaz ya ce kwaikwayo yana ɗaukar ba'a. Ku kwaikwayi hali, kada ku kwaikwayi mutum. In mai sayar da ruwa a wasanku ya yi ɗingishi irin na mai ruwan unguwa, ko ya yi magana da karin wata ƙabila da kuke zaune tare, washegari ba zancen tsafta za a yi ba. Sunaye ma ku zaɓi waɗanda ba na wani sananne a unguwa ba.

Ɗan Gadarif:

Na gode ƙwarai, iyaye. Saura ɗaya: yawancin mutanenmu ba sa karanta boko, haruffan Larabci suka sani. Yaya za mu yi da takardar? Kuma wasu dattawa da sun ji wasa sai su ce shagala ce.

Ustaz na Wad Madani:

Na karɓi gyaran Malam na Maiurno, daɓe da dandamali duk suna tafiya. Amma ga mutanen Gadarif, waɗanda ba su saba da ko ɗaya ba, kada ku cika takarda da su. Ku yi layi uku. Na sama da ajami, manya: wasan kwaikwayo na faɗakarwa, sai sunan wasan. Na tsakiya da Larabci: masrahiyya bil Hausa. Na ƙasa da boko, saboda masu ganin hoton a Facebook daga Najeriya da Nijar. Kalmar faɗakarwa ita ce amsar dattawa, tare da zuwa a gaya wa liman da baki kafin a manna komai, a kuma ware wa mata gefensu a faɗa a takardar.

Ajamin sai an sa masa wasali duka. Larabci ba shi da kwa a matsayin sauti ɗaya, in kuka bar kaf da waw tsirara, mai karatu kuwaikuwayu zai ce. Ku rubuta, ku ba mutum uku da ba su san zancen ba su karanta da ƙarfi, in biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya ku gyara wasalin wurin. Rana da lokaci kuma ku haɗa da salla, "Juma'a bayan La'asar", sannan a sa ƙarfe nawa a gefe. Mai shela da lasifika ya zaga unguwa ana gobe, ya faɗi duka biyun, wasan kwaikwayo da masrahiyya, a jere.